Gaisuwar da Na Kira Sujada

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar ƙanena Salisu. Duk shekara idan wannan makon ya zagayo, nakan ɗauki buhun shinkafa in kai masallacinmu na Lanham a yi sadaka, a shafa Fatiha a gurguje, in faɗa motata in koma neman fasinja. Bana ma na kai shinkafar, amma na ga ba za ta faɗi abin da bakina ya ƙi faɗa ba. Ni ba marubuci ba ne. Sunana Lawali, mutumin Maradi, direban taksi, shekara ashirin da 'yan kai ina fama da titunan Washington. Wanda ya iya alƙalami a gidanmu shi ne yake kwance a ƙasa. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ku yi haƙuri da rubutun direba.

Mahaifiyarmu, Inna, tana nan da ranta a Maradi, ta haura tamanin. A cikin shekarun nan bakwai ba wanda ya taɓa jin ta buɗe baki ta ce Allah ya jiƙan Salisu. Ba don ba ta son sa ba, shi ne ma ɗan lelenta. Wani hoto aka nuna mata a waya, aka ce ga ɗanta nan ya bar addini yana yi wa gunki sujada, aka kuma ce mata ba a roƙa wa mai ridda gafara. Tsohuwa ta rasa yadda za ta yi da ranta, ta haɗiye addu'arta. Kowace Juma'a idan na kira ta, kafin mu yi sallama sai ta ce, "Lawali, har yanzu ba a gano wanda ya ɗauki hoton nan ba? Ina so in tambaye shi abin da idonsa ya gani." Ni kuma in ce ana nan ana bincike. Ƙarya nake yi mata. Ni na ɗauki hoton, da wayata, daga kujerar direba.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Salisu, na girme shi da shekara tara. Mahaifinmu malami ne mai karantar da littattafan fiƙihu a zaure, kuma tun kafin mu iya ɗaura wando ya koya mana abu biyu da tsumagiya: yadda ake gaida babba, da yadda ake sujada. Babba, ko wane iri ne, ka tuɓe takalmi, ka tsugunna, ka sunkuyar da kai. Sujada kuwa sai goshi da hanci sun taɓa ƙasa, kuma ta Allah ce Shi kaɗai. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Ranar da zan baro gida, Inna ta ɗauko tasbahar Malam mahaifinmu mai jajayen 'ya'ya, ta kitsa mata sabon tuntu kore, ta danƙa mini. Duk motar da na tuƙa a ƙasar nan, a jikin madubinta nake rataye ta.

Ni tun a aji shida na tsere daga lakwal, wato makarantar boko. Salisu kuwa ya yi ta cin takarda har wata jami'a ta nan ta ɗauko shi ya yi digirin digirgir, ya zauna a Takoma Park da matarsa Rabi da 'yarsu Balki. Mun yi ta murna, muna zaton mun samu likita ko injiniya. Ashe abin da bawan Allah zai bincika shi ne mabiya addinin Buda a Amurka. Wallahi da ya faɗa mini sai da na taka birki. Na ce masa, "Duk ilimin duniya ka rasa wanda za ka nema sai bin masu aske kai?" Ya yi dariyarsa mai sanyi, ya ce in tuƙa dai, zai yi mini bayani.

A mota ya yi mini bayanin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, don mutum ne da in ya kama zancen bincikensa sai ka kai shi ƙofar gida ka kashe inji yana yi. Ya ce addinin ta ƙofa biyu ya shigo ƙasar nan. Ta farko, baƙin Asiya ne da yaƙi ya koro. Sukan haɗa kai su samu tsohon gida a bayan gari, su ajiye mutum-mutumin Buda, su kawo limaminsu mai askakken kai da mayafi ruwan goro, tsofaffin mata su riƙa kawo masa abinci da hantsi, a nan ake biki, a nan ake makoki, kowa ya shigo ya durƙusa. Ta biyu, Turawa ne masu hali. Suka tsinci zaman shiru da bin numfashi, suka watsar da liman da turare da durƙuso, suka haye matasai masu laushi, sannan suka ce nasu ne na asali, na tsofaffin matan can gargajiya ce kawai. Sai kuma baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda in sun shiga ɗakin Turawan sukan tarar su kaɗai ne masu irin fatarsu. A yi musu murmushi har kunne, a kuma jawo jaka kusa da ƙafa.

Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne gwiwa. Bature ya ce shi ba ya rusuna wa kowa. Wata baƙar fata 'yar ƙasar nan ta gaya masa da bulala aka koya wa kakanninta sunkuyar da kai, shi ya sa in ta zo durƙusawa sai gwiwarta ta ƙage. Jikokin baƙin Asiya kuma kunya suke ji a gan su a ƙasa gaban tsoho. "Yaya," in ji shi, "in addini ya haye teku, abin da yake fara faɗawa ruwa gwiwa ce. Dubi 'ya'yanmu mana. A Lanham wane yaro ya taɓa tsugunna maka?" Na ce ya rufe mini baki, mu Musulmi ne, me ya haɗa kifi da kaska. Ya ce ba addininsu yake nema ba, yana so ya gane abin da baƙo ke zubarwa don a karɓe shi, da kuma wanda ke sa shi zubarwar.

Wata Lahadi da hantsi motarsa ta mutu a hanya, ya kira ni na ɗauke shi na kai shi ɗaya daga cikin gidajen ibadar nan na baƙi. Ƙaramin gida ne, ƙofarsa a buɗe saboda zafi. Ina zaune a mota ina kallo ya tuɓe takalmi ya shiga. Limamin nasu, wani tsoho tukuf ɗan firit, yana zaune a kan tabarma, bayansa kuma ga mutum-mutumin nan ruwan zinariya, ya kusa taɓa rufi. Salisu ya tsugunna, hannayensa a kan gwiwa, ya sunkuyar da kai, sak yadda muke yi wa Malam a zaure. Tsohon ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. Tsakanin goshin Salisu da ƙasa akwai kamu biyu, na gani da idona. Amma daga inda nake, in ka ɗaga waya, bayansa kawai ake gani, da gunkin a sama. Na jira sai da ya ƙara sunkuyawa, na danna.

Me ya sa? Na daɗe ina gaya wa kaina kishin addini ne. Ƙarya ce, hassada ce tsagwaronta. Ni na ɗauko yaron nan daga filin jirgi, ni na saya masa rigar sanyi ta farko, amma in an yi taro shi ake kira Dakta, shi ake jawo wa kujera, ni kuwa a ce Lawali fita ka gyara fakin ka tare hanya. Na tura hoton ga wani abokina mai bakin ganga, na ce wani ne ya turo mini, kada ya ambaci sunana. Na haɗa da 'yan kalmomi: ga inda boko ya kai ɗan Malam. Kafin in hau babban titi hoton ya shiga zauren waya na 'yan garinmu, kafin azahar ya isa Maradi. Magana zarar bunu ce. Salisu ya kira Inna ya rantse mata gaisuwa ce, ta yi kuka, amma masu zuwa yi mata jaje suka ce mai laifi ba ya shaidar kansa. Shi kaɗai ya san wanda ya kai shi wurin a ranar. Har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba, ko Rabi.

Bayan mako biyu aka yi suna a gidan wani ɗan garinmu a Lanham. Da la'asar ne, maza muna zaune a farfajiya a kan kujerun ƙarfe masu naɗewa. Sai ga Salisu cikin farar shadda, Balki na biye da shi, lokacin tana da shekara goma sha ɗaya. Bai dubi kowa ba, ya nufo ni kai tsaye, ya tuɓe takalmi, ya tsugunna a gabana ya ce, "Yaya, ina wuni." Na ji idanun jama'a a kaina. Na ji tsoro ya kama ni, tsoron kada ya ɗago kai ya dube ni ya faɗi abin da ya sani. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce gwiwar da ta durƙusa wa gunki ba za ta durƙusa mini ba, na ɗaga ƙafa da takalmin aiki mai ƙarfe a baki, na shure shi a fuska.

Har yau ina jin ƙarar. Ya faɗi ta baya, jini ya wanke farar shaddar nan, haƙoransa biyu na gaba suka zubo a kan siminti. Ban tsaya ba. Na bi shi da naushi, na naɗe kujerar da na tashi daga kai na maka masa a gefen kai na hagu, na sake makawa. Balki tana ihu da Turanci tana jan rigata, na yi wurgi da ita ta faɗa kan kwanukan shinkafa. Shi kuwa ko hannu bai ɗaga ya kare kansa ba. Da aka rirriƙe ni, ya yunƙura ya zauna, ya tofar da jini, ya ce a hankali, "Yaya, goshina bai taɓa ƙasa ba. Kai ma ka sani." Jama'a suka ɗauka yana nufin na san karatun Malam. Ni kaɗai na gane. Ba wanda ya kira 'yan sanda, mu ba ma kai ƙarar ɗan uwa. Wasu ma har suka riƙa ba ni hannu suna cewa haka ake son namiji. Daga ranar kunnensa na hagu bai sake ji ba.

Shekara guda muka yi ba magana. Da Sallah ya aiko mini gaisuwa a waya, na share. Masallacinmu ya yi masa zafi, in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa, don haka ya koma yin salla wurin 'yan uwanmu mutanen Kumasi, su ba su ga hoton ba, da suka gani ma suka ce wannan ai gaisuwa ce. Ya ci gaba da bincikensa da wawulo a baki, yana karkata kai dama in ana yi masa magana. Hausawa suka ce durƙusa wa wada ba ya hana ka tashi da tsawonka, kuma na shaida, don duk wanda ya haɗu da shi a shekarar nan ya ce bai ji ya zage ni ba. Ni kuwa na ci gaba da zama a sahun gaba.

Abin da ya faru ranar Asabar ɗin da aka kashe shi, daga bakin matan da ke wurin na ji shi, a kotu. Akwai wani Bature maƙwabcin gidan ibadar da ya daɗe yana ƙorafi, yau motocinsu sun yi yawa, gobe turarensu na damun sa, har ya fito fili ya ce fuskokinsu ne ba ya son gani a layinsu. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, tsofaffin mata na jera kwanukan abinci, Salisu na zaune gefe da na'urar ɗaukar magana, mutumin nan ya banko ƙofa riƙe da ƙarfen kwance taya. Ya fara da mutum-mutumin, ya karya masa hannu. Wata tsohuwa ta tare shi, ya karya nata. Sai ya juya kan limamin, wanda ko a lafiya sai an kama shi yake tashi.

Salisu bai iya faɗa ba, tun muna yara ni nake rama masa. Abin da ya iya shi ya yi. Ya durƙusa a kan tsohon ya rufe shi da jikinsa. Ƙarfen ya sauka a bayansa, ya sauka a kafaɗa, haƙarƙarinsa suka karye, bai matsa ba. Ɗaya daga cikin matan ta ce da ta ga mutumin ya zagayo ya saita kai, ta yi wa Salisu ihu da iyakar muryarta ya kauce. Lauya ya tambaye ta ta wane gefe take tsaye. Ta ce ta hagunsa. A kotun nan ba wanda ya san ma'anar wannan amsa sai ni.

Mutumin ya tsere ta ƙofar baya. 'Yan sandan da suka fara isowa suka tarar da baƙin mutum jina-jina a gidan 'yan Asiya, ga gunki a karye, ga tsohuwa na kururuwa. Ba su yi tambaya ba, suka kifa shi suka sa masa ankwa, kansa a fashe. Sai da matan nan suka faɗa kan 'yan sandan, suna duka suna kuka da yarensu, suna nuna ƙofar baya, sannan aka kwance shi. Kwana biyu ya yi a asibiti bai farfaɗo ba. An kama maharin, yana kurkuku. Nakan ce da Salisu ya tashi, da wannan ankwar kaɗai ta ishe shi babi guda a littafinsa.

Ni na yi masa wanka, don ba wanda ya fi ni kusanci. Na ga ɗinkin da likitoci suka yi masa a ƙeya, wannan na maharin ne. Na buɗe bakinsa zan yi masa kurkure na ga wawulon, wannan nawa ne. Da na zo shafa fuska sai hannuna ya tsaya a kan goshinsa. Tabon salla ne baƙi ƙirin, ya fi nawa. Mutanen Kumasi ne suka cika sahun jana'izarsa, 'yan garinmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A ranar ya kamata in tsaya gaban makara in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, sai na ji ina yi wa jama'a godiya da suka zo.

Yanzu nakan tambayi kaina, da zai leƙo duniya yau me zai ce? Bara hawan jini ya kama ni, likita ta ce in riƙa zama shiru minti goma ina bin numfashina, ta sa mini abin a waya, muryar wata mata tana cewa in ja iska in sake. Ko sunan Buda babu a ciki, balle liman, balle gwiwa. Na tabbata da ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Yaya, ka ga ƙofa ta biyun da nake gaya maka, ga ta ta shigo har cikin taksinka." Mutanen da suka ba ni hannu ranar suna, 'ya'yansu na yin irin wannan zama a makaranta, ba wanda ya ɗauke su hoto. Ina jin kuma baƙaƙen fatar nan sun fara buɗe nasu wuraren zaman, inda ba mai jawo jaka, wannan da ya faranta masa rai. Amma da ya ga yadda aka riƙa ture tsofaffin 'yan Asiya a titi lokacin annobar da ta wuce, da ya ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Abin da zai ce game da ni ne ban sani ba, kuma shi ne ya fi hana ni sukuni.

Balki yanzu shekararta goma sha tara, tana jami'a. Ta kwaso takardun ubanta da muryoyin da ya ɗauka, ta ce sai ta ƙarasa aikin. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, kuma tun ranar suna ba ta ƙara yi mini gaisuwar da ta wuce sannu ba, a tsaye. Watan jiya ina fakin gaban gida da rana sai ta buɗe ƙofa ta zauna a kujerar gaba. Ta fito da hoton, ta ƙara masa girma, ta nuna mini bakin gilashin mota a gefe, da wani abu kore-kore a sama da bai fito sosai ba. Ta ce, "Baba Lawali, daga cikin mota aka ɗauki wannan, ta gefen direba." Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ta ɗaura bel ta ce in kai ta gidan ibadar nan.

Duk hanya ina rantsuwa a zuciyata a tsaye zan gaida tsohon, in ba shi hannu irin na Turawa in fito. Na tuɓe takalmi don kowa ya tuɓe. A kan katakon ajiye takalma, can sama, na hangi wasu baƙaƙe sau ciki da na sani, dunduniyar dama ta cinye, don haka Salisu yake tafiya. Wata mata ta ce ba wanda ya zo karɓa, su kuma ba za su zubar ba, gogewa suke yi. Aka shigar da mu. An gyara hannun mutum-mutumin. Tsohon yana nan, ya ƙara ƙanƙancewa, a kan kujera yanzu yake zama. Matar ta gaya masa wannan yayan Salisu ne. Ya ɗago ya dube ni, idanunsa suka kawo ruwa, ya miƙo hannaye biyu.

Jama'a, ban yanke shawara ba. Tsoho ne ya miƙo hannu, gwiwata ta yi abin da Malam ya koya mata. Sai ji na yi ina tsugunne, hannayena a kan gwiwa, kaina a ƙasa, ina cewa ina wuni da Hausa ga mutumin da bai san ko kalma ɗaya ba. Ya dafa kafaɗata. A bayana na ji ƙarar waya, ƙyas. Da muka fito Balki ta miƙo mini. Bayana ne, ga gunki a sama, in ka jera shi da wancan ba za ka bambanta ba sai da furfura. Sannan ta yi mini tambaya da Hausa, jimla cikakkiya ta farko da na taɓa ji a bakinta: "Goshinka ya taɓa ƙasa?" Na ce a'a. Ta ce, "To, gaya wa Inna."

In an ce in auna abin da ya rage na Salisu, ba shi da yawa a ido. Littafin bai fito ba, ban san ko zai fito ba. Akwai tsoho mai rai a bayan gari wanda ya kamata a ce shi aka binne. Akwai takalman da mutanen da ba addininsu ɗaya ba suke gogewa, da 'yar da ta gaji taurin kansa ba tare da sanyinsa ba. Da na sani ƙeya ce, ban zo nan neman a tausaya mini ba. Na saka hotona a zauren 'yan garinmu da sunana a ƙasa, na rubuta cewa wancan ma ni na ɗauka, kuma gaisuwa ce na kira sujada. Wasu sun zage ni, wasu sun yi gum. Duk wanda ya taɓa tura wancan hoton, ina roƙon sa ya tura wannan rubutun inda ya tura shi.

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci na zauna a mota na kira Maradi. Ban jira ta yi tambayar ba. Na ce, "Inna, ni na ɗauka."

Sai ta ce, "Na sani. Koren tuntun da ya leƙo a saman hoton nan, ni na kitsa shi da hannuna. Shekara takwas ina jiran ka. Me ka gani?"

Na ce, "Tsugunnawa ya yi, Inna, irin ta gaida babba."

"Goshinsa fa?"

"Bai taɓa ƙasa ba."

Na ji ta ja numfashi. Sai ta ce, "Allah ya jiƙan Salisu." Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, yadda na tabbata har maƙwabta sun ji ta katanga. Na ce amin, na ce, "Inna, ki yafe mini." Ko ba ta ji ba, ko ba ta kai nan ba tukuna, ban sani ba. Ta ci gaba da faɗa, muryarta na karyewa tana gyarawa, don ramuwar shekara bakwai ce a gabanta. Wani fasinja ya ƙwanƙwasa gilashi, na girgiza masa kai ya wuce. Na riƙe wayar a kunne ina cewa amin, ban katse ta ba.